Gwaggon Ango Mai Hannu Uku

Shagona ƙarami ne a Kano, ina gyaran hotuna da buga kalandar biki. Wata Laraba sai ga wata Hajiya ta shigo da filashi a hannu, fuska ba annuri. Muka buɗe hoton ranar kamu, ta dangwala yatsa a gilashin kwamfuta.

"Ɗan nan, ka ga mai koren mayafin nan da ke gefen amarya? Cire min ita."

"Hajiya, ba gwaggon ango ba ce?"

"Ita ce. Wai gadon da muka yi wa 'yarmu da katakon akwatin tumatir aka haɗa shi. Cire ta!"

Ni kuwa abin nema ya samu. Na buɗe Photoshop, manhajar gyaran hoto, na ɗauki magogi, na bi Gwaggo tun daga ɗaurin ɗankwali har takalmi, na cike gurbinta da labulen da ke bayansu. Yaron shagona yana ta raɗa min, "Oga, ka sa leya mas mana." Na harare shi. Tun 1994 Photoshop ke da leya, wato shimfiɗa sassan hoto hawa-hawa, lokacin uwarsa ma tana firamare, shi ne zai koya min aiki? Na haɗe komai wuri guda, na adana a JPEG, irin fayil ɗin da ba ya riƙe leya, a kan hoton asali kuma, har da na cikin filashin Hajiya. Ban bar kwafi ko ɗaya ba, don tsabar iyawa.

Ranar Asabar ina shan kunu sai ga Hajiya, kuma wa ke riƙe da jakarta? Gwaggo! Sun shirya, suna ta dariya kamar 'yan biyu. Hajiya ta matso kunnena: "Maido ta maza, kafin ta gani."

Na danna Ctrl da Z, maɓallan da ke warware aikin da aka yi, har yatsana ya yi zafi. Ina! Da zarar ka rufe fayil, tarihin aikin ya tafi ke nan. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ni ina nake ne, ɗana?" Na ce, "Gwaggo, hasken wancan hoton bai yi miki adalci ba, bari in sake ɗaukar ki." Na tsayar da ita jikin bango, na ɗauka, na yanko ta na liƙa gefen amarya. Ta fi ango tsawo, rana na dukan ta alhali da dare aka yi bikin, amma na ce a haka za a tafi.

Sai da takarda ta fito daga firinta muka ga abin da na manta: hannun Gwaggo na asali, da lallensa da zobensa, yana nan dafe da kafaɗar amarya. Ga kuma sababbin hannayenta biyu a kan cikinta. Gwaggo ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta yi salati.

Da yamma na saya wa yaron shagona tsire, na zauna gabansa kamar ɗan makarantar allo. Ashe leya mas ɗin nan mayafi ne kawai ake yafa wa hoto. Ka shafa baƙi da buroshi, wurin ya ɓuya. Ka shafa fari, ya dawo. Ruwan toka kuma ya bar mutum dishi-dishi kamar fatalwa. Harafin X ke sauya maka launukan biyu. Ba abin da ke gogewa, in dai a PSD, fayil ɗin Photoshop mai riƙe leya, ka adana.

Allah ya taimake ni, mai ɗaukar hoton bikin yana da na asalin. Na karɓo, na yafa wa Gwaggo mayafinta na ajiye. Yanzu in na riƙe Shift na danna kan mas ɗin, sai jan kuros ya hau kansa, Gwaggo ta bayyana. In sake dannawa, ta ɓace.

Bayan suna sun sake ɓatawa a kan rabon naman rago. Hajiya ta zo, na yi danni ɗaya, na karɓi kuɗin aikin yini guda. Jiya kuma ta bugo waya, wai in dakata tukuna, ana sulhu.