Ranar da na ajiye mota na hau jirgin ƙasa don tsimi

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake kallon motata kamar kishiya, ko kasuwa zan je sai na zauna na yi lissafi kamar mai rabon gado. To ran nan ɗaurin auren ƙanin abokina ya taso a Kubwa da ke Abuja, na ce wa uwargida wallahi ba zan ƙona ko lita ɗaya ba, jirgin ƙasa zan hau daga tashar Rigasa ta Kaduna in sauka Kubwa abina, ina zaune cikin esi kamar wani minista. Ta kalle ni ta ce "Abban Khadija, kai da wannan barcin naka?" Na ce ke dai ki zuba ido.

Yarona ya yanko min tikiti ta waya, har da su lambar NIN, na ji ni ɗan zamani. Da asuba na karya da waina da miyar taushe na ɗora da kunun gyaɗa kofi biyu, wanda yanzu na gane shi ne ya kashe ni. Daga Kawo zuwa Rigasa kuwa abin da mai keke ya karɓa sai da na yi salati, amma na ce ba komai ai riba na gaba.

Na samu kujerata kusa da wani dattijo, farar babbar riga, carbi a hannu, fuskar nan kamar limamin Juma'a. Muka gaisa na ce "Baba don Allah in an iso Kubwa a ɗan taɓa ni." Ya ce "Haba ɗana, ba komai, kwanta abinka." Jirgi ya ɗaga, sanyi na bugu na, ƙafafun jirgin nan na wani kaca-kaca kaca-kaca kamar ana lallaɓa jariri, na dai tuna mun wuce Rijana, Jere kuwa ko a mafarki ban gan ta ba.

Farkawar da zan yi sai na ga kowa na sauke jaka, na leƙa taga na ga an rubuta Idu ɓaro-ɓaro. Idu fa, tashar ƙarshe! Na juyo zan yi wa Baba ƙorafi sai na tarar kansa na kan kafaɗata, baki buɗe, carbi a ƙasa, hularsa ta karkace, munshari yake ja har da ɗan fito a ƙarshe. Na girgiza shi ya buɗe ido ya ce "Mun iso Kubwan?" Ashe shi ma can zai sauka. Wai ya ga ni yaro ne, ya ɗauka in na ji an tsaya zan farka in tashe shi.

Haka muka ɗauki shatar tasi muka koma Kubwa, Baba ya shige gaba ya kame, da aka zo biyan kuɗi ya hau lalube aljihu yana "Allah ya yi maka albarka ɗana", ni kuma kunya ta hana ni cewa a raba. Ina isa masallacin ana shafa fatiha, ko goro ban samu ba sai alawa guda biyu.

Ina tsaye ina lissafin keke da tikiti da shata sai ga wayar uwargida, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce "Idu ko?"