Kafin ka miƙa wa uwar mamaci takarda ta sa hannu

'Yan uwana masu karatun likitanci, da ma'aikatan jinya, da ku da ke ɗakin gwaje-gwaje, da ku nake. Akwai ranar da babban likita zai ba ɗayanku takardar neman izinin cire sassan jikin gawa ya ce ya kai wa uwar da jaririnta ya rasu awa biyu da suka wuce. Kafin ranar ta zo, ku ji abin da ya faru a Liverpool ta ƙasar Ingila.

A asibitin yara na Alder Hey, tsakanin 1988 da 1995, wani likitan binciken gawa mai suna Dick van Velzen ya riƙa cire sassan jikin yaran da suka mutu yana tarawa: zuciya, ƙwaƙwalwa, huhu, wani lokacin kayan ciki gaba ɗaya. Yara kusan 850. Iyaye da yawa sun sa hannu, amma a zatonsu ɗan abin gwaji za a ɗiba, ba wanda ya yi musu bayani. Suka binne 'ya'yansu ba su san gangar jiki kawai aka ba su ba. Da asiri ya tonu, wasu sai da suka yi jana'iza sau biyu, wasu sau uku, domin kaɗan-kaɗan ake dawo musu da abin da aka cire. Abin da ya fi ci mini rai, rahoton Redfern na 2001, wato na kwamitin da ya binciki lamarin, ya nuna yawancin sassan nan ko duba su ba a yi ba. Ajiya kawai. Daga baya aka soke lasisin mutumin, aka kuma kafa doka a 2004 wadda ta sa yardar dangi ta zama tilas.

Kada wani ya ɗauka ina hana bayar da sassa ne. Jaririn da zuciyarsa ta gaza, sai ƙaramar zuciya daidai ƙirjinsa, kuma samunta wuya gare shi. Wannan ƙarancin ne ya kai Dakta Leonard Bailey ga dasa wa wata jaririya zuciyar biri a Loma Linda ta Amurka a 1984, ta rayu sati uku. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ma, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dasa sashen jikin mamaci ga mai rai, da sharaɗin izininsa ko na magadansa, ta kuma hana cinikinsa.

Inda ƙafa ke zamewa shi ne gaggawa. A 1992 aka haifi wata jaririya a Florida ta Amurka ba tare da mafi yawan ƙwaƙwalwarta ba. Kowa ya san ba za ta daɗe ba. Iyayenta da kansu suka nemi a cire sassanta tun tana numfashi don a ceci wasu yara, kotu ta ƙi. Bayan kwana tara ta rasu, sassan kuma sun riga sun lalace. Na ji zafin iyayen nan, amma a ganina kotu ta yi daidai. Mai numfashi ba gawa ba ne, ko da saura masa awa ɗaya. Ranar da muka yarda a katse ran wani don ya kusa tafiya, wa zai faɗa mana inda "kusa" ta tsaya?

Ana iya jira a kuma amfana. A Cardiff ta Birtaniya, a 2014, wani jariri mai irin wannan larura ya rayu minti 100 a hannun iyayensa. Sai da ya cika aka ɗauki ƙodarsa, aka dasa wa wani babban mutum.

Saboda haka idan takardar nan ta zo hannunka, ƙanena, zauna tukuna, kada ka yi magana a tsaye. Faɗa wa uwa da uba abin da za a cire da sunansa. In zuciya ce ka ce zuciya. Faɗa musu ko dashe za a yi ko bincike, tsawon lokacin da za a ajiye, da abin da za a yi da ragowar. Kada ka ce "ai ka'ida ce kawai", domin da irin wannan kalmar aka yaudari iyayen Alder Hey. Kada kuma ka ɗora musu nauyin wani yaron da ke kwance yana jira, hawayensu bai bushe ba tukuna.

In sun ce a'a, ninke takardarka, ka yi musu ta'aziyya, ka koma ka gaya wa babban likita sun ƙi.