Wanda ya kauce ba shi ne mai yankan ba

Jama'a ni fa akwai abin da ke damuna da yadda muke koyon ces, wato wasan darar nan ta sarki da sarauniya, kowa ya duƙufa haddace buɗe wasa, wai Sisiliyan wai kaza, amma ka tambaye shi me zai faru in ɗa ɗaya ya matsa ya buɗe wa na bayansa hanya sai ka ga ya yi shiru. Alhali wannan harin na bayan labule shi ke cinye yawancin wasanninmu.

Abin da ya sa yake da zafi shi ne idonka na kan wanda ya motsa, shi kuwa mai ɓarnar yana nan inda yake tun ɗazu bai ko gusa ba. In kuma a kan sarkinka harin ya faɗa, wato cek ne, to an gama magana, dole ka fara ceton sarkinka, shi kuma wanda ya kauce ɗin ya je ya ci abin da ya ga dama ko da a gidan da kake tsaro ne.

Ni a intanet na fara shan wannan dukan kuma har yau ina jin ciwonsa. Ina riƙe da baƙi a buɗewar Petrov, abokin wasana ya ci sojana na gidan e5 ni ma na ci nasa na e4, ya kawo sarauniya e2 sai na janye dokina f6 ina ganin na tsira. Kawai dokinsa ya yi tsalle zuwa c6. Cek daga sarauniyarsa, doki kuma na kan tawa sarauniyar, ko me na sa na tare ta tafi. Motsi 5 fa kacal!

Kar ma ku ce na 'yan koyo ne. A Mosko 1925 Carlos Torre, matashi ɗan Meziko, ya yi irin wannan harin a kan Emanuel Lasker, mutumin da ya riƙe kambun duniya shekara 27. Torre ya ajiye bishof (mai tafiya a karkace) a f6 ya bar wa Lasker sarauniya ya ci, daga nan ruk (mai tafiya a miƙe) ya shiga g7 cek, ya kauce ya ci soja bishof ya ba da cek, ya dawo g7 cek, ya sake kaucewa ya ci bishof ɗin Lasker a b7, ya dawo, sarki kuwa sai kai da komo yake tsakanin g8 da h8 kamar mai tsaron ƙofa, a ƙarshe ruk ɗin ya sauko ya kwashe sarauniyar Lasker ma. Don Allah ku jera wasan nan a kan allo da hannunku, kallo a waya ba ya shiga kai haka.

Yanzu kafin in taɓa komai sai na duba layin sarkina da na sarauniyata, in na hango ruk ko bishof ɗin abokin wasa a can nesa da ɗa ɗaya tak a tsakaninmu kuma ɗan nasa ne, to tashi nake daga layin ko da zan yi asarar motsi.