Kuɗin ajiya, to ina ajiyar?

Wallahi abin da aka ƙirƙiro mana a bakin kasuwa ƙwace ne, rasit kawai aka liƙa masa don ya yi kama da aikin hukuma. Na faɗa. Wanda kuma ya saba ɗaukar hoton rubutuna yana tura wa ciyaman, ya ɗauka da kyau, kada ya yanke sunana.

Kun dai ga abin da ya faru ran kasuwar da ta wuce, wanda bai gani ba ya ji. Igiya guda ɗaya aka samo, irin ta ɗaure buhu, aka ɗaura bakinta a turken wutar nan da rabonsa da wuta har mun manta, ɗaya bakin kuma a jikin tsohuwar taya. Aka tsayar da samari uku da riguna masu ƙyalli. Shi ke nan, wai mun sami "filin ajiye ababen hawa na ƙaramar hukuma". Babur naira 200, amalanke 300, mota 500. Ma sha Allah, ci gaba ya iso garinmu, saura jirgin ƙasa.

Baffana ya haura shekara saba'in. Tun asuba ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya ɗoro buhu uku na riɗi. Yana isowa yaro ya ɗaga masa hannu kamar wani ɗan sanda, ya ce, "Baba, ɗari uku." Ya ce ta mece ce? Ya ce ta ajiya. Baffa ya dube shi tun daga sama har ƙasa ya ce, "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?" Da ya faɗa masa, sai ya yi dariya ya ce, "Je ka tambayi kakanka wa ya sare ƙayar filin nan." Su ne suka share shi da gayya, da gatari da fartanya, tun ba a haifi uban yaron ba. Amma ya kwance bakin aljihu ya biya, don dattijo ba ya tsayawa cacar baki da jikansa a gaban mutane. Da ya dawo gida bai ce uffan ba. Ni ne na kasa barci.

Wannan ma da sauƙi. Maƙwabcinmu, wanda kuka sani, ya biya tasa 200, ya kafe Boxer ɗinsa a cikin igiyar, ya shiga kara neman ɗan tunkiya. Bayan la'asar ya fito, babur ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Babur ɗin da bai gama biyan bashinsa ba, wanda da shi yake kai matarsa awo, da shi yake acaba da rani. Ya nuna musu takardarsu. Amsar da suka ba shi ita ce, "Mu kuɗi kawai aka ce mu karɓa." Da aka duba ƙasan takardar sai ga wani ɗan ƙaramin rubutu da Turanci, wai duk abin da ya sami abin hawa ba ruwan hukuma. Da Turanci fa, a kasuwar da rabin masu cin ta ajami suke karantawa. Takardar ba lamba, ba hatimi, ba kwanan wata.

To ni tambayata guda ɗaya ce, kuma ita zan yi ta maimaitawa har a gaji da ni: kuɗin ajiya kuka ce, ina ajiyar?

Bahaushe ya san ma'anar ajiya. In na ba ka ajiya, amana na ba ka. Kaka takan ba jikanta ajiyar goro ya tsare shi kamar ransa. Ko a bakin masallacin Juma'a, yaran da ke tsaron babura suna da ƙa'ida: lamba biyu suke yankawa, ɗaya a rataye a babur, ɗaya a hannunka, in ba ka kawo taka ba ko kai ne limamin ba za ka fita da shi ba. Waɗannan ba su da ofis, ba su da sakatare, ba su da ma'aji, ba su da motar aiki. Amma hukuma guda, mai ciyaman da mataimaki da kansiloli da masu ba da shawara na musamman, ta kasa abin da yaro ɗan shekara goma sha biyar yake yi da kwali da alƙalami. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kun ci ladan. Ina askin?

Na san masu zuwa ƙarƙashin rubutun nan, har na haddace abin da za su ce.

Na farko shi ne ɗan bokon nan da zai ce ai ko a Ingila ana biyan kuɗin ajiye mota. Sannu da zuwa daga Ingila, Alhaji. Haka ne, a Landan tun 2003 ma suke karɓar kuɗi a hannun mai shiga tsakiyar gari da mota. Amma mutumin Landan in ya ga kuɗin sun yi masa yawa sai ya bar motar a gida ya hau bas ko jirgin ƙarƙashin ƙasa. Baffana ya bar amalanke a gida ya hau me? Ya ɗauko buhu uku a ka? Can an yi kwalta, an ja layi, an sa fitila, an sa na'urar ɗaukar hoto. Nan da damina sai ka naɗe wando har gwiwa kafin ka isa inda ka ajiye babur, da rani kuma sirdin ya yi zafin da za ka iya gasa gurasa a kai. Ku kawo mana kwaltar tukuna, sai mu yi zancen Landan.

Na biyu zai ce doka ta ba su dama. E, na karanta. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ce kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da ban-ɗakunan jama'a suna hannun ƙaramar hukuma. Amma ka koma ka karanta shi da kyau, cewa ya yi ta kafa su, ta kula da su, ta tsara su. Kafawa da kulawa su suka fara zuwa. Ku kun tsallake su kun faɗa kan karɓa. Ban-ɗakin kasuwarmu ina yake? Matan da ke tahowa daga ruga da ƙwaryar nono tun hantsi har yamma, ina suke zagayawa? Kowa ya sani, bayan rumfunan 'yan gishiri. Sannan dokar haraji ta 1998, ta zamanin Janar Abdulsalami, ƙarara ta hana kowa tare hanya da shinge don karɓar haraji. Soja fa ke nan. Mu da muka yi layi cikin rana muka zaɓi mutum, shi ne ya tare mu da igiya.

Na uku zai ce ai naira 200 ba kuɗi ba ce yanzu, ko ƙosai ba za ta ƙosar da kai ba. Wannan mai albashi ne, kuma bai taɓa kai kaya kasuwa ba. Zauna in lissafa maka. Kafin manomi ya ga kuɗin riɗinsa ya biya na ƙofa, ya biya na buhu, ya biya 'yan dako, dillali ya cire la'ada, in a mota ya zo 'yan yuniyan sun riga sun karɓi nasu a hannun direba, direba kuma ya ɗora a kansa. Fetur ɗin da muke saye ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayu 2023 ya haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ya wuce 1,000. Taki kuwa kada ma a tayar da zancensa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kowane mai riga ya ce nasa ai kaɗan ne, shi kuma talaka a aljihu ɗaya duk ake zura hannu. Kuma ko naira 5 ce, tunda da sunan ajiya aka karɓe ta, ina ajiyar?

Akwai mai cewa don a rage cunkoso aka yi. Malam, cunkoson ya ƙaru. Duk wanda ba ya son biya yanzu a bakin titi yake kafe babur, ko a ƙofar gidajen mutane. Ranar nan sai da motar ɗaukar shanu ta kusa awa ɗaya tana hon a kwanar 'yan tireda. Wannan hujja ba ta ma cancanci in ɓata mata caji ba.

Masu cewa ni ɗan adawa ne kuwa, Allah ya ba ku lafiya. Ku duba rubuce-rubucena na lokacin zaɓe ku ga wa na yi wa yawo.

Bari in ajiye ba'a in yi magana tsakani da Allah. Ban ce kada ƙaramar hukuma ta nemi kuɗin shiga ba. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, Kano 44, kuma yawancinsu ba masana'anta ba kamfani, in ka cire kason wata-wata daga Abuja kasuwar mako ce kaɗai rijiyarsu. Na fahimci wannan. Wanda ya taɓa zuwa Maigatari ran Alhamis, ko Wudil ran Juma'a, ko Gujungu ran Lahadi, ya san irin dukiyar da ke juyawa a kasuwar ƙauye cikin yini guda, kuma ba laifi ba ne hukuma ta sami rabonta. Da za a kewaye filin nan da waya, a yi ƙofa ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, a zuba tsakuwa, a kafa rumfar kwano ko da ta babura ce kawai, a sa kwamin ruwa don shanun amalanke, a ɗauki masu gadi da albashi, a buga rasit mai lamba, a rubuta da Hausa cewa in abinka ya ɓata hukuma za ta biya, wallahi ni zan fara miƙa tawa, har in ƙara da godiya. Sannan ƙarshen wata a liƙa takarda a ofishin sarkin kasuwa: ga abin da aka tara, ga inda ya tafi. Mene ne abin wahala a nan? Kwamitin masallacin unguwarmu ma duk Juma'a yana karanta abin da ya shiga asusu.

Amma rasit marar lamba, kowa ya san inda kuɗinsa suke kwana. Ba sa isa baitulmali. Su ma samarin nan ban ga laifinsu sosai ba, 'ya'yanmu ne, ba aiki, an ce su kawo kaza da yamma saura nasu. Gobe in an sauya ciyaman a sauya riguna, a kawo wasu yaran, igiyar dai tana nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mantuwa. Iyayenmu sun sha ɗauri a kan haraji. Akwai dattawa a garin nan da suka kwana a daji don gudun dogarai, akwai waɗanda suka sayar da akuya ɗaya tilo don su fanshi kansu. A kan irin wannan Malam Aminu Kano da mutanen NEPU suka sha duka da kurkuku. Da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979, lokacin mu da Kano uwa ɗaya uba ɗaya, tun ba a yanke Jigawa a 1991 ba, haraji da jangali ya fara sokewa. Har yau in ka ambaci sunansa a gaban Baffa sai ya yi masa addu'a. Yanzu jikokin waɗanda aka 'yanta su ne suke dawo da abin ta bayan gida, gutsure-gutsure, yau na ƙofa, gobe na inuwa, jibi wataƙila na shaƙar ƙurar kasuwa.

Kuma a daidai lokacin da ake ta murnar hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Muka ce to, an zo wurin, za mu ga kwalbati, za mu ga magani a asibiti. Abin da ya fara isowa garemu igiya ce.

Ana cewa kasuwa a kai miki dole, amma ku bi a hankali. 'Yan sari sun fara bin ƙauyuka da mota da ma'auni suna saye a ƙofar gida. Manomi ya san suna rage masa farashi, sai dai in ya lissafa abin da za a tatsa a jikinsa kafin ya shiga kasuwa, sai ya ce gara a cuce ni a inuwar gidana. Ran da rumfuna suka fara zama fayau, sai ku karɓi kuɗin ajiya a hannun iska. Shi kuma maƙwabcina har yanzu takardar tana aljihunsa, ya ninke ta huɗu kamar laya. Ranka ya daɗe, ciyaman, yana jiran ajiyarsa.

Af, tunda ana zancen filin nan, wai ina jakuna suka shiga ne? Muna yara, gindin tsamiyar da aka sare a wurin kaɗai sai ka ƙirga jaki hamsin a turke, kowanne da mangalarsa, kukansu har cikin makarantar allo. Ran kasuwar nan guda biyu na gani, ɗaya ma gurgu ne. An kwashe su an yi kudu da su, fatar kuma ta wuce Sin ana haɗa magani da ita, har sai da Tarayyar Afirka ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Jakin da a da ake ba yaro ya je ɗebo ruwa, yanzu kuɗinsa sai mai hali. Baffa ya ce in ya sami ɗan aura mai sauƙin kuɗi zai saya, don bai ga jaki a jerin farashin da suka liƙa ba. Wanda ya san mai sayarwa ya yi mini magana ta akwatin saƙo, amma kada jakin ya zama mai cizo, na wancan karon har yanzu da tabonsa a kafaɗata.