A buɗe banɗakin tasha kafin a kira ɗan sanda

Jama'a, mutumin da ba shi da ɗakin kwana, cikinsa ba ya jiran sai ya samu ɗaki. Zai yi fitsari yau, zai zagaya yau, kamar ni da kai. Abin tambaya kawai shi ne a ina. Wannan maganar ce nake ganin ana tsallakewa duk lokacin da aka taso da batun ƙazantar tashoshin jirgin ƙasa da mutanen da ke kwana a cikinsu.

Fasinjan da ke ƙorafi yana da gaskiya, kuma ba na son a mayar da shi marar imani. Ya biya kuɗin tikiti. Yana da haƙƙin ya samu bencin zama, ya hau matakala ba tare da zarni ya tare masa numfashi ba. Wanda ke kan keken guragu ma nasa ya fi tsanani, domin lif ita ce hanyarsa ɗaya tilo zuwa wurin hawa jirgi, kuma lif ɗin ce aka fi mayarwa makewayi cikin dare saboda tana da ƙofa mai rufuwa. Mace mai jiran jirgin ƙarshe ita kaɗai, idan ta ce tana jin tsoro, a yarda da ita.

Amma me ya sa tasha? Ba don sha'awa ba ne. Tasha tana da rufi, tana da fitila, tana daɗewa a buɗe, ga masu gadi da kyamarori. Wanda ya taɓa kwana a lungu aka yi masa duka ko aka sace ɗan ƙunshinsa ya san darajar wurin da idanu suke. Da yawa kuma suna gudun gidajen kwana na agaji saboda sata, da cunkoso, da dokar da ke raba miji da mata, da korar kowa waje da sassafe. Ga masu taɓin hankali da waɗanda shaye-shaye ya ci ƙarfinsu, waɗanda asibiti ya kamata ya riƙe, amma benci ya riƙe.

To sai hukumar tasha ta ce za ta yi maganin ƙazanta. Ta yaya? Ta kulle banɗaki, ko ta sa masa kuɗi. Ta cire benci, ko ta sa masa ƙarafa a tsakiya don kada a miƙe ƙafa. Sakamakon kulle banɗaki a bayyane yake: abin da zai tafi masai sai ya koma bayan matakala. Cire benci kuwa tsoho da mai juna biyu yake fara hukuntawa. Wannan tamkar tura shara ƙarƙashin gado ne, ɗakin ya yi kyan gani, ɗoyin yana nan.

An gwada kora da ƙarfi. A ranar 6 ga Mayun 2020, lokacin korona, birnin New York ya fara rufe tashoshin jirginsa na ƙarƙashin ƙasa daga ƙarfe 1 zuwa 5 na dare domin feshi da wanki, aka riƙa fitar da masu kwana a ciki. Wasu sun yarda an kai su gidajen kwana, wasu suka koma titi da motocin bas. Da aka dawo da aikin dare a Mayun 2021, matsalar tana nan tana jira, domin rufe ƙofa bai gina wa kowa ɗaki ba.

Rashin wurin wanke hannu ma kisa yake. A San Diego ta Amurka, ciwon hanta nau'in A ya ɓarke tsakanin 2016 da 2018, ya kama mutum kusan 600, ya kashe 20, akasarinsu marasa matsuguni da masu shaye-shaye. Cuta ce da ke yaɗuwa ta bayan gida da hannu marar wanki. Sai da gawarwaki suka taru kafin aka kafa wuraren wanke hannu a tituna, aka ƙara banɗakuna. Kuma ƙwayar cuta ba ta duba tikiti, ƙarfen matakalar da marar gida ya dafa shi fasinja zai dafa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu shara da goge-goge. A duk wannan muhawara ba a jin muryarsu, alhali su ne ke durƙusawa da asuba su kwashe abin da kowa ke toshe hanci a kansa. Su ne allurar da aka yar ke iya sokewa. Sau da yawa ma'aikatan ɗan kwangila ne masu ƙaramin albashi, wasunsu ma hayar wata ɗaya ce tsakaninsu da kwana a wannan bencin. Wanda ya ba da umarnin kulle banɗaki daga ofis ba shi ne zai wanke lif ba.

Kuma ba wai ba a san abin da ke aiki ba. A Jamus akwai Bahnhofsmission, ofishin agaji na cikin tasha, wanda ya fara a Berlin tun 1894, yau yana tashoshi kusan 100. Matafiyin da ya maƙale, tsohon da ke buƙatar a riƙe masa hannu ya sauya jirgi, da marar wurin kwana, duk ƙofa ɗaya suke shiga. A Filadelfiya ta Amurka, hukumar sufuri ta SEPTA da ƙungiyar Project HOME da mahukuntan birni sun buɗe cibiyar agajin marasa matsuguni mai suna Hub of Hope a tashar Suburban, aka faɗaɗa shi a 2018 da wurin wanka, injin wanki, ma'aikatan lafiya da masu taya mutum neman muhalli. Mutum ya shiga da ƙazantar mako guda, ya fito da wankakkun kaya, kuma wani ya san sunansa da damuwarsa. A Birtaniya, kamfanin hanyoyin jirgin ƙasa na Network Rail ya soke kuɗin shiga banɗaki a manyan tashoshin da yake kula da su a Afrilun 2019. Ƙaramin mataki ne, amma ga wanda ba ko sisi a aljihunsa, shi ne bambanci tsakanin masai da bango.

Za a ce kamfanin jirgi ba ma'aikatar gidaje ba ce. Haka ne. Ainihin maganin yana wajen tasha, kuma Finland ta nuna shi: daga 2008 ta ɗauki tsarin fara ba mutum gida na dindindin kafin a nemi ya daina shaye-shaye ko ya samu aiki. Ƙasar da ke da marasa matsuguni kusan 18,000 a ƙarshen shekarun 1980 ta sauko ƙasa da 5,000. Amma gina gidaje yana ɗaukar shekaru, tasha kuwa gobe da asuba za ta buɗe.

Ba kuma ina cewa a ɗage doka ba. Wanda ya tsoratar da fasinja, ya yi faɗa, ya sayar da ƙwaya, a kama shi, ko yana da gida ko ba shi da. A hukunta aikin da mutum ya yi. Barci a zaune da tsofaffin kaya ba laifi ba ne.

Abin da nake nema daga kowace hukumar tasha bai fi ƙarfinta ba: banɗaki kyauta, a buɗe muddin tasha na buɗe, da ruwa da sabulu, da ma'aikaci a bakin ƙofa da ake biya albashi mai kyau, domin banɗakin da babu mai kula da shi ba ya daɗewa yake lalacewa har a samu hujjar sake kulle shi. A sa akwatin zubar da allura, a ba masu shara safar hannu mai kauri da rigakafin ciwon hanta. A ware ɗaki ɗaya a tashar ga ma'aikatan jin ƙai, ta yadda mai gadi da ya tarar da mutum kwance ƙarfe biyun dare zai samu wanda zai kira ban da 'yan sanda.