Hutu Ba Sai An Hau Jirgi Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni, maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bara waccan, da aka koma makaranta bayan dogon hutu, malamar su babbar 'yata ta ba su aikin gida, kowa ya rubuta yadda ya yi hutunsa. Da daddare na ɗauki littafinta ina dubawa kamar yadda na saba, sai na ga ta rubuta wai mun je Dubai, mun hau dogon bene, mun ga teku. Yarinyar da ko filin jirgin Malam Aminu Kano ba ta taɓa shiga ba. Na kira ta na ce, "Mamana, yaushe muka je Dubai?" Ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Abba, kowa a ajinmu yana da inda zai ce ya je. Ni in na ce a gida na zauna dariya za su yi mini."

Na nuna mata illar ƙarya, ta goge ta sake rubutawa. Amma ni ne na kwana ina juyi. Sati shida yarinyar nan ta yi tsakanin ɗaki da tsakar gida da islamiyya, sai kallon talabijin in an kawo wuta. Ba don ba na ƙaunarta ba, sai don ni ma na sa a raina cewa yawon hutu na masu kuɗi ne, tunda ba ni da na jirgi to a zauna kawai.

Wannan tunanin shi nake so mu tattauna, don na lura ya kama mu ta fuska biyu. Akwai masu cin bashi, ko su sayar da fili, ko matar ta sayar da ɗan kunnenta na gwal, don a je Dubai ko Masar ko Turkiyya a ɗauko hotuna a watsa a Facebook da Instagram, a dawo a yi wata shida ana ɓuya wa masu bin bashi. Akwai kuma irina a wancan lokaci, waɗanda suka haƙura gaba ɗaya, 'ya'yansu ba sa zuwa ko'ina sai gidan biki da gidan rasuwa. Dukkanmu abu ɗaya muka yarda da shi: wai in ba a buga maka hatimi a fasfo ba, ba ka je ko'ina ba.

Wanda Allah ya hore masa ya tafi, ba na hassada da shi, halalinsa ne. Amma mu dubi inda muke. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har sai da ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Dalar da a da gwamnati ke bayarwa a kan naira ɗari huɗu da 'yan kai ta wuce 1,500 a 2024. Tikitin jirgin ƙasar waje da dala ake lissafa shi, otal da dala, biza da dala, albashinka kuwa da naira. Ita Dubai ɗin ma da ake rububi, ai sai da ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar biza daga 2022 har zuwa tsakiyar 2024. Kana neman kai musu kuɗinka, suna ja maka aji.

Washegarin ranar da na ga rubutun 'yar tawa na sayo asusun katako, na ajiye a ɗakin uwargida. Muka yi shawara cewa duk wata in an yi albashi za a jefa wani abu, ita ma ta ce in ta ɗauki adashinta za ta ƙara. Yara suka riƙa saka canjin aike. Da hutun Disamba ya zo muka fasa, muka nufi dajin Yankari da ke jihar Bauchi, mu shida a motar ƙanina da na aro.

Bayan sallar asuba muka bar Kano. Muka bi ta Wudil, muka tsaya a Birnin Kudu. Mutane nawa ne cikinmu suka san akwai zanen mutanen da a jikin duwatsun garin nan, hotunan shanu da aka yi tun kafin kakannin kakanninmu? Sau nawa muka wuce ta wurin a guje, iyakacinmu mu sayi rake ta taga? Daga nan muka miƙe ta Ningi muka shiga Bauchi, muka sauka a gidan wata gwaggon uwargida da rabon da su haɗu tun bikinmu. Tsohuwar nan da ta ga yaran sai ta fashe da kuka, tana shafa kawunansu ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Ashe zan gan ku kafin in mutu?" Ko da a nan tafiyar ta tsaya, kuɗin manmu bai tafi a banza ba. Zumunta a ƙafa take, waya ba ta isar mata.

Da yamma muka kai su kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sun karanta sunansa a littafi, sun haddace cewa shi ne firaministan Najeriya na farko kuma an kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, amma ranar ne suka tsaya a gaban kabarinsa suka yi masa addu'a, suka ga kayan da ya bari, 'yan kaɗan, ba tarin dukiya ba. Ɗana na biyu ya ce, "Abba, shi ke nan kayansa?" Na ce shi ke nan.

Kashegari muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima muka karya dama zuwa Mainamaji, inda ƙofar dajin take. Daga ƙofar sai ka ƙara tafiyar kusan kilomita 40 a cikin daji kafin ka isa sansanin Wikki. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200. Tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Turawa sun shekara da shekaru suna tahowa daga Ingila da Jamus don su gan shi, ni kuwa da nake tafiyar yini ɗaya da shi sai da na haura arba'in kafin na taka.

Ba zan manta fuskar autana ba lokacin da muka gangara matakalar Wikki. Ruwa ne yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani katon dutse, garai-garai, kana hango farin yashin da ke ƙasa da 'yan yatsun ƙafarka. Ga hunturu ana busawa, leɓe duk ya tsage, amma ruwan da ɗuminsa, wajen digiri 31, haka yake dare da rana, rani da damina. Yaron ya sa ƙafa ɗaya ya janye, ya dube ni ya ce, "Wa ya dafa shi?" Na ce Allah ne. Sai da aka yi da gaske kafin suka fito, hannuwansu duk sun yi yaushi.

Birai kuwa ba a magana. Gwaggon birin Yankari ba ya tsoron mutum. Uwargida ta ajiye ledar burodi a kan mota don ta gyara goyo, kafin ta juyo wani ƙato ya sure ta, ya koma gefe ya zauna yana yagar ledar da hannu kamar mutum. Gadu na yawo a tsakar sansanin da 'ya'yansu a jere, jela a tsaye. Da muka shiga daji da motar zagaye wajen kogin Gaji mun ga gwanki da ɓauna da kada yana shan hantsi. Giwa dai ba mu yi sa'ar ganinta ba, sai sawunta da kashinta da itatuwan da ta kakkarya, mai yi mana jagora yana nuna mana yana bayani. Yaran ba su damu ba, sun ce sai mun dawo.

Abin da muka kashe mu shida, da mai da kuɗin shiga da ɗaki da tsaraba, bai kai kuɗin kujerar mutum ɗaya zuwa Dubai da dawowa ba.

Masu tambayar yadda aka yi kuɗin ya isa, ba wani sirri. Abinci shi ne yake cinye kuɗin matafiyi, don haka daga gida muka tafi da namu: dambun shinkafa, soyayyen nama, ƙuli-ƙuli da garin rogo, cincin, fulas biyu na shayi, da kula cike da ruwa da zoɓo. Kwana biyu a gidan 'yan uwa, ɗaya kacal muka biya. Amma a nan ina da jan hankali. Kada don kana son rage kashe kuɗi ka kwashi iyali ka jibge wa talaka nauyi a wannan marra. Mu da shinkafarmu da manmu da sabulu muka shiga gidan gwaggo, kuma ba mu wuce kwanakin baƙunta ba. Sai tsaraba, wadda ita ce take karya mutane ba su ankara ba. Ba dole ne sai kowa a unguwa ya samu ba. Mun sayo abin da za a gutsura wa maƙwabta na kusa da iyaye, muka tsaya a nan. In ba ka da mota, ku haɗu gida biyu ku ɗauki shatar bas a tasha, ku yi ciniki da direba tun kwana biyu kafin tafiya, kuma ku kauce wa jajibirin sallah da ƙarshen shekara lokacin da kuɗin mota yake ninkawa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya: tsaro. Ba zan rufe ido in ce ko'ina lafiya ba. Duk mun san abin da ya faru da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, mun san hanyoyin da direbobi da kansu suke gudu. Akwai wuraren da nake mafarkin kai yarana amma ba zan kai su yanzu ba, ko kyauta ne. Abin da nake yi shi ne in je tasha in tambayi direbobin da suke bin hanyar kullum, in kira wani mazaunin garin, in fita da sassafe, kuma la'asar ta same ni a masauki. Ba na tafiyar dare da iyali. In an ce hanya ba kyau, na fasa, ba gardama.

To amma ko mutum bai bar garinsa ba fa? Ni Bakano ne, kuma ina da abokai haifaffun cikin badala da ba su taɓa hawa Dala ba. Suna ganin dutsen kullum daga cikin adaidaita sahu, ba su taɓa tsayawa a samansa sun ga birnin a shimfiɗe ba, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallaci. Gidan Makama yana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Marinar Ƙofar Mata tana nan, dattawa suna tsoma yadi a baba kamar yadda aka yi ɗaruruwan shekaru. Hawan sallar Kano da muke kallo a tsaye a bakin titi kyauta, hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake taskacewa a Disambar 2024, kamar yadda ta sa bikin kamun kifin Argungu a 2016. Bakatsine yana da hasumiyar Gobarau. Basakkwace yana da Hubbaren Shehu. Bazazzagi yana da Kufena da ganuwa. Mutumin Yobe da Jigawa yana da fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda tsuntsaye ke tahowa tun daga Turai su yi hunturu. Su tsuntsayen sun san darajar wurin.

Sai dai akwai abin da yake ƙona mini rai, kuma dole in faɗa. Wuraren nan da yawa mun bar su sun lalace. A wata tafiyar na kama ɗaki a wani masauki, famfo ba ruwa, zanin gado kamar an yi shekara ba a wanke ba, mai kula da wurin kuma yana amsa mini magana kamar na zo roƙo. Hukumomi suna da nasu laifin, babba ma. Amma mu ma fa? Wa yake zubar da ledar ruwa a bakin kogi? Wa yake rubuta sunansa da gawayi a jikin ginin da ya shekara ɗari biyar? Wa yake ɗibar ƙasar badala ya yi bulo? Mutumin da zai je ƙasar wasu ya riƙe bawon ayaba a hannu har sai ya sami kwandon shara, shi ne zai dawo gida ya wurga ta tagar mota. Kuma muddin masu ɗan hali a cikinmu ba sa zuwa wuraren nan, ba wanda zai ɗaga murya a gyara su. Kuɗin da ka kashe a Mainamaji ko Argungu, mai shayi ne da mai ƙosai da ɗan acaɓa na garin za su kai gida. Wanda ka kashe a waje ya tafi ke nan.

Asusun yana nan a ɗakin uwargida, ya fara nauyi. Bana in Allah ya kai mu Daura muka nufa ta Kazaure, yara su ɗebi ruwan rijiyar Kusugu da hannunsu, su ji labarin Bayajidda a inda aka ce ya faru, daga nan mu kwana a Katsina. Babbar 'yata ta so mu zarce Damagaram ta ga fadar sarki, tunda na gaya mata ta fi Abuja kusa da mu, amma sefa ta yi tsada a hannun mai naira, sai wata shekarar. Mutanen Daura da Katsina, don Allah wanda ya bi hanyar kwanan nan ya gaya mini halin da take ciki.