Kabewar laburare da burodin mamata

Ni fa abin da ya fara kai ni laburaren unguwarmu a nan Bronx da ke birnin Niyok na Amurka ba son karatu ba ne, hita ce. Daga tsakiyar Oktoba iskar Niyok ta fara cizo, ganyen bishiyoyi ya yi ja ya yi rawaya ya zube, mai gidan da muke haya kuma ba ya kunna ɗumi sai ya ga dama, ga yara sun taso daga makaranta, uwargida tana wajen aikinta na kula da wata tsohuwa sai dare, ni kuma tuƙin tasi na sai bayan isha. To ina zan kai su? Laburare shiga kyauta, kati kyauta, intanet kyauta, tun 2021 ma suka daina cin tarar wanda ya makara bai mayar da littafi ba. Sai na zama ɗan gida, ina da kujerata kusa da hita.

Matsalar ita ce daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba wurin nan ba ya zama lafiya. Kowane mako da bikin da ake yi wa yara, Halowin ranar 31 ga Oktoba, Diwali na Indiyawa, bikin mamata na mutanen Meziko, bikin godiya ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba, sai Hanuka na Yahudawa, sai Kirsimeti, sai Kwanza na baƙaƙen fatar Amurka. Kuma kowanne da abincinsa a kan tebur. Abin da babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa min shi ne yawancin abincin nan ba na ci ba ne, na kallo ne.

Da kabewa aka fara. Wata yamma muka shiga na tarar an jibge kabewa a ɗakin yara, manya-manya, jajaye, ko tabo babu. Ma'aikaciyar wurin ta ɗauki guda ta yanke kanta, ta sa hannu ta kwashe cikin gaba ɗaya har da 'ya'yan ta zuba a bola, sannan ta huda mata idanu da hanci da haƙora, yara suna ta tafi. Ni kuwa cikina ne ya juya, don a gidanmu a Kano ko yanki ɗaya aka sayo sai an yi lissafin kwana nawa zai yi. Ana cikin haka wani abokin aikina ya kira ni a waya kan maganar canjin mota, na fita waje, ina dawowa na ga kowane yaro rungume da kabewarsa, autata ma an ba ta tata tana nishi. Na ce kai, mutanen nan dai akwai alheri. Na karɓa na ɗauko mata har gida, na dire a kicin, na bar wa uwargida saƙo a waya cewa ga kabewa nan kyauta aka ba mu, gobe a yi mana taushe.

Aka yi taushe kuwa. Alayyahu, gyaɗa, tattasai, daddawar da aka aiko mana daga gida, ƙashin rago, komai ya ji. Amma miyar nan ta fito tsululu, ba garɗi ba zaƙi, sai zare-zare a baki. Ashe irin kabewar da suke nomawa don Halowin daban ce, girma kawai ake nema da kyan fata da faɗin ciki, naman ba kauri, ruwa ne zalla. Uwargida ta ce Malam, wannan kabewar taka ko akuya sai ta yi tunani. Muna cikin ci auta ta fito daga ɗaki da fenti da buroshi a hannu tana tambaya Baba ina kabewata, ranar Asabar za a mayar a yi gasa. Yayanta, wanda ya san komai tun farko ya yi shiru don mugunta, ya nuna mata kwanon da ke gabanta. Kukan da yarinyar nan ta yi har maƙwabciyarmu ta sama sai da ta buga ƙasa. Daren nan kafin in ɗauki fasinja ko ɗaya sai da na zaga shaguna na sayo wata da kuɗina, dala 10, don a zana mata ido a ajiye a taga ta ruɓe. Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, wanda ya ba Bahaushe kabewa bai ce masa komai ba ya san inda za ta.

Na ɗauka an gama. Sai farkon Nuwamba, makon da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta koma kafin ƙarfe biyar, mutum duk ya rikice bai san yunwar rana yake ji ko ta dare ba. Na shiga da yara ban ci komai ba tun safe, sai na ga an shirya wani tebur hawa-hawa a bakin ƙofa, an lulluɓe da takardu masu launi da aka yi wa huda-huda, furanni ruwan lemo ko'ina, kyandirori na batir, hotunan wasu dattawa a firem, da 'yan kawunan ƙwarangwal na sukari. A tsakiya ga faranti cike da burodi zagayayye an barbaɗe shi da sukari yana ƙamshin lemo. Ni a tunanina hotunan na waɗanda suka ɗauki nauyin taron ne, ai mu ma muna saka hoton mai gayya a kalanda. Na yi bismilla na ɗauki ɗaya. Wallahi burodin nan ya yi, laushi, ga man shanu. Na ƙara na biyu na tsaya ina ci ina gyaɗa wa hoton wata tsohuwa kai alamar godiya.

Sai na ji ɗakin ya yi tsit. Wata dattijuwa 'yar Meziko, gajeruwa, da mayafi a kafaɗa, ta taho a hankali ta tsaya kusa da ni, ta nuna hoton da nake gyaɗa wa kai ta ce mahaifiyarta ce. Na ce masha Allah, tana ina, in gaishe ta? Jikarta ce ta yi min bayani da Turanci, wai ranakun 1 da 2 ga Nuwamba suke tunawa da mamatansu, suna shirya musu tebur da abin da suke so lokacin suna raye, furannin nan ƙamshinsu ne ke nuna musu hanya, su kuma layukan da ke saman burodin siffar ƙasusuwa ce. Ƙasusuwa! Ga rabi a hannuna ga rabi a bakina, in haɗiye ba daɗi in tofar ba dama. Na ce innalillahi, Mama ki yi haƙuri. Matar nan ta dube ni ta dube ni, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce ai su ma suna ci, amma sai bayan biki, kuma a wurinsu lokacin mamatan sun riga sun ɗauke ɗanɗanon. Wai ni kaɗai ne a unguwar na ci da ɗanɗanonsa. Ɗana kuwa tuni ya koma can bayan kantar littattafai yana yi kamar bai taɓa ganina ba.

Daga ranar na kafa wa kaina doka, ko ruwa na gani a laburare sai na tambaya. Gidan biskit da suka gina a Disamba, da rufin alewa da tagogi, hannuna a aljihu na wuce shi. Teburin Kwanza da kyandir bakwai, uku ja uku kore ɗaya baƙi, da masara a jere kan tabarma, ko kallon masarar ban yi ba. Can ma sai da aka so a jawo ni, wai tunda ni ɗan Afirka ne in yi wa yara bayani, ni da ban taɓa jin sunan bikin ba sai a Amurka. Baƙaƙen fatar ƙasar nan ne suke yinsa daga 26 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu, wani malami Maulana Karenga ya ƙirƙiro shi a 1966 a Kalifoniya. Na ce su tambayi mai laburare, ta fi ni sani.

To sai ga sanarwa, za a yi yammacin al'adu kafin hutun ƙarshen shekara, kowane gida ya kawo abincin ƙasarsu, kuma wannan karon na tambaya har sau biyu aka tabbatar min na ci ne. Na ce yawwa, ranar wanke suna ta zo. Na je shagon 'yan Dominika na sayo kabewar da suke yankawa yanki-yanki, ita ce mai kauri irin tamu, na lallaɓa uwargida ta ɗauki hutun rabin yini, ta jiƙa shinkafa tun dare, ta soya waina a tandar da ta taho da ita daga gida, ta yi taushe na gaske wanda cokali ke tsayawa a ciki. Ta zuba a babbar kularta ta biki, wadda ko ni ba na taɓawa, ta ce Malam, kular nan yadda ta fita haka za ta dawo. Na sa babbar riga a kan jaket, na kafa hula, na shiga laburare ina taku.

A bakin ƙofa ma'aikaciyar nan ta tare ni da takarda da biro, fuska a sake, ta ce me da me ke ciki, akwai gyaɗa? Na ce akwai mana, ba ma kaɗan ba, ai ita ce miyar. Sai murmushin ya ɗauke. Ta ce akwai yaran da ko ɗan kaɗan suka ci maƙogwaronsu kumbura yake numfashi ya tsaya, wasu da allurarsu suke yawo a jaka, don haka ba a raba abin gyaɗa a taron yara. Na ce to a ci wainar zalla. Ta ce da wane mai aka soya? Na kira uwargida a waya, ta ce man gyaɗa mana, da me ake soya waina. Shikenan. Aka ɗauki kular aka kai wani tebur can gefe, aka buɗe aka rufe da leda mai gani, aka rubuta Najeriya a kati aka jingina, a ƙasa kuma da jan biro, kada a ci. Mutane suna zuwa suna ɗaukar hoto suna cewa abin sha'awa, wani Bature har ya tambaye ni ko wainar ta roba ce. Ina tsaye cikin babbar riga ina gadin abincina, ina kallon ana layi a kan taliyar wani gida.

Da aka tashi, mai gadin wurin, wani Bahaushen Kumasi da muke gaisawa, ya ce Alhaji fito da ita waje, dokar ba ta kai titi ba. Muka buɗe but ɗin mota cikin sanyin nan muna ci hannu na karkarwa, sai ga dattijuwar nan 'yar Meziko da jikarta. Ba ta ce komai ba, ta ɗauki waina ta dangwala, ta ƙara, ta ƙara, sannan ta rufe kular ta rungume, ta ce wa jikar ta faɗa min sauran na mahaifiyarta ne. Ina da bakin magana? Na ce a gaishe ta.

Laburare ya tafi hutu, ban san gidan matar ba, ban da lambarta. Uwargida kuwa kullum na dawo aiki da asuba kafin ta amsa sallama sai ta ce Malam, ina kulata.